Yarinyar Aro

"Kalma ɗaya ce fa, Humu... kalma ɗaya tak!"

Humu ba ta ɗago ba. Tana zaune a gaban motar Kamal, a bakin gidan kula da tsofaffin da take aiki a garin Laurel na Amurka, kayan aiki a jikinta, robar abincin rana a cinyarta ko buɗewa ba ta yi ba.

"In Umma ta tambaye ki ko kin taɓa haihuwa, ki ce a'a. Shi ke nan. Daga nan sai maganar sa rana."

"In ce ban taɓa haihuwa ba..." ta maimaita a hankali.

"Masoyiyata, kalle ni mana."

Ta kalle shi, kuma nan ne ta yi kuskure. Shekara biyu ke nan idanun nan na bayan tabarau suna karya mata duk wata gardama tun kafin ta fito daga bakinta. Yau sun yi ja, da gani bai runtsa ba.

"Wai me ya kawo maganar haihuwa?" ta ce.

"Hoton nan namu ne, na jirgin tsutsa a filin wasa. Ni da ke da Chundung. Alexander na ƙungiyarmu ya sa shi a Fesbuk, ya rubuta wai Kamal da iyalinsa. Sadiyya 'yar aminiyar Umma ta ɗauka ta kai mata, ta ce 'yarki ce kika ɓoye a gidan Martina."

"Ei! Sadiyya..." Humu ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To ai wannan mai sauƙi ne. Martina ta je da bakinta ta ce 'yarta ce."

"Za ta je. Amma na san Umma, sai ta tambaye ki da kanta."

"Sai in gaya mata gaskiya. Chundung ba tawa ba ce, tawa tana cikin kabari a Kumasi."

Kamal ya kifa kai a sitiyari. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Humu, ce mata na yi ke budurwa ce."

Ta ture robar abincin gefe.

"Yaushe?"

"Tun bara. Ba ki san yadda na sha fama ba kafin ta yarda. Ta ce 'yar zango, ta ce 'yar Ghana, ta ce mai wankin tsofaffi. Da na ƙara da cewa bazawara, wallahi da tuni zancen ya mutu." Ya kai hannu kusa da nata, ya tsaya bai taɓa ba. "Kuma ke da ko sunan yarinyar ba kya kira? Ai al'adarmu ce, uwa ba ta nuna ɗan fari. Ki ɗauka kunyar ce kika ƙara yi ta rana ɗaya."

"Kunya daban, musu daban, Kamal."

"Don Allah, hasken idona. In kika faɗa, na rasa ki. Kina so in rasa ki?"

Ba ta so. Allah ya sani ba ta so. Ta dubi agogon motar, lokacin bai wa tsohuwar ɗaki na biyu magani ya yi.

"To," ta ce, ta buɗe ƙofa ta fita.

Wanda bai san farkon zancen ba zai ce me ya haɗa injiniya guda da mai jinyar tsofaffi a cikin jirgin wasan yara. To ga yadda aka yi.

Lokacin zafi ne na shekarar 2009. Martina, 'yar Jos da suke aiki tare, aka ɗora mata aikin Asabar, sai Humu ta ɗauki 'yarta Chundung ta kai ta babban filin wasannin nan na Maryland. A ɓangaren yara akwai wani ɗan jirgi mai kan tsutsa, koriya shar, tana murmushi da haƙora biyu. Zagaye yake yi a kan ƙarfe, ya ɗan hau tudu ya gangaro, ko kaza ba za ta tsorata ba. A bakin ƙofarsa kuwa ga wasu manyan mutane sun yi cirko-cirko, har da mai furfura, suna ta raba ido kamar waɗanda aka kora daga gidan biki.

Humu tana cikin yi wa Chundung faɗa da Hausa kan ta ɗaure takalminta, sai wani dogo mai tabarau ya ɓalle daga cikinsu ya nufo ta.

"Salamu alaikum. 'Yar'uwa, don Allah ki ara mini yarinyar nan."

Ta janyo Chundung bayanta. "A ara maka me?"

"Minti uku kawai..."

"Malam, ka matsa ko in tara maka jama'a!"

Sai da ya yi ta rantse-rantse kafin ta tsaya ta saurare shi. Ashe ƙungiya gare su, manya zalla, masu aiki da masu fansho. Daga wannan fili su faɗa wancan, burinsu kawai kada a ce ga wani jirgin wasa da ba su taɓa hawa ba. A ƙa'idarsu, wanda yake kifa mutum a sararin sama da wannan 'yar tsutsar duk ɗaya ne, kowanne hawa ne, kuma wanda ya tsallake na yara bai cika ba. Matsalar ita ce dokar filin ta hana babba shiga sai da yaro. Shi ya sa suke tsayawa a ƙofa suna farautar iyaye masu sauƙin kai. Jagoransu Alexander, wani Bature tsohon ma'aikacin gidan waya, har alewa yake yawo da ita a aljihu don sasantawa.

"Kai da girmanka?" in ji Humu. "A ina kake aiki?"

"A Southwest, cikin Washington. Injiniya ne ni."

"Injiniya! Allah ya kyauta. Ba zan ba ka 'yar mutane ba. In hawan kake so, sai dai mu hau tare."

Haka aka yi. Ita da Chundung a gaba, shi a baya, gwiwoyinsa har haɓa. Da jirgin ya gangaro ɗan tudun nan, Kamal Dabo ya ɗaga hannu sama ya ƙwala ihu kamar wanda aka jefo daga bene. Humu ta yi dariya har cikinta ya ƙulle. Rabon da ta yi irinta tun tana Kumasi.

Daga ranar, duk Asabar ɗin da ba ta da aiki, su uku ne. Sun zaga filayen Maryland da Virginia, har Pennsylvania sun leƙa. In mai tsaron ƙofa ya tambaya, Humu takan ce 'yata ce don a taƙaita zance, Chundung ta ƙunshe dariya. 'Yan ƙungiya suka mayar da yarinyar sarauniya, don ita ce mabuɗinsu.

Kamal ya ɗauka son wasa ne kawai irin nasa. Sai a hankali ya lura Humu ba ta taɓa hawa na manya, kuma duk sanda suka sauko daga na yara sai ta juya baya ta gyara mayafi, ta daɗe tana gyarawa.

Wata rana a ƙarƙashin wata bishiya, Chundung na can tana kallon agwagi, ya tambaye ta. Ta gaya masa komai. An yi mata aure a Kumasi, mijin ya rasu a hatsarin mota a hanyar Tamale, ya bar ta da goyo. Kawunta Issaka ya yi mata hanyar zuwa Amurka, ta bar yarinyar wajen mahaifiyarta da niyyar in ta zauna da gindinta ta ɗauko ta. Duk sanda ta buga waya sai ta ba ta labarin wani jirgin yara da ta gani, ta ce ranar da kika zo shi za mu fara hawa. Yarinyar tana shekara huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta. Humu tana canza wa wani tsoho zanin gado aka bugo mata.

"Ko gawarta ban gani ba," ta ce. "To ni nake hau mata."

"Yaya sunanta?"

"Maame muke ce mata. Sunan mahaifiyata ta ci, ga ta kuma 'yar fari. Ban taɓa kiran sunan da bakina ba."

Ranar Kamal ya cire tabarau ya yi kuka sosai, bai damu da masu wucewa ba. Ranar ce kuma Humu ta ba shi zuciyarta gaba ɗaya, ba ta rage ko kaɗan ba don gudun ko-ta-kwana.

Kawu Issaka dai bai taɓa sakin jiki da zancen ba. Dattijo ne mai shagon kayan abincin gida a Laurel, ya ga jiya ya ga yau.

"Ɗan likitan Kano?" ya ce. "Humu, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Mutanen nan ko Hausarmu dariya take ba su."

A can Manassas ta Virginia kuwa Hajiya Sailuba, mahaifiyar Kamal, wadda tun rasuwar mijinta take zaune da ɗanta tilo, ta riga ta yi wa kanta suruka a zuci. Sadiyya ce, 'yar aminiyarta, mai haɗa magunguna, mai digiri biyu da mota sabuwa. Sadiyya ta taɓa bin 'yan ƙungiya sau ɗaya, da dogon takalmi, don ta nuna ita ma tana iyawa. Lilon nan mai siffar kofunan shayi masu juyawa kawai ta hau ta amayar da abin da ta ci. Ba ta ƙara zuwa ba, amma kunnenta ya ji Humu ta ce wa mai ƙofa 'yata ce, ta kuwa adana maganar har ranar da za ta yi mata amfani.

Bayan wancan zama na cikin motar Kamal, ranar Asabar bayan azahar suka kama hanyar Manassas a motar Martina. Chundung na baya tana waƙarta. Humu ta sa leshinta mai ruwan toka, wanda take ajiyewa don salla, tana ta motsa baki.

"Me kike karantawa?" in ji Martina.

"A'a nake koyo."

"Wane irin a'a?"

"A'a, Hajiya, ban taɓa ba. Kin ji ya fita daidai?"

Martina ta dube ta ta mayar da ido kan titi. "Ni dai abin da zan je in faɗa gaskiya ce. Naki kuma, ƙawata, ke za ki kwana da shi."

"Ina sonsa, Martina."

"Na sani."

"Na gaji da zama ni kaɗai. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne."

A haka suka isa Manassas.

Falon Hajiya Sailuba ya sha turaren wuta. Tana zaune a babbar kujera da carbi a hannu, farar mace mai cika ido, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙatar hakan ba. Kamal na ƙasa a kan darduma gefen ƙafarta. Sadiyya kuwa sai shiga da fita take da faranti, don dai kowa ya san ta san inda ake ajiye cokula a gidan.

Humu ta durƙusa har ƙasa. "Ina wuninku, Hajiya?"

"Lafiya lau. Ya mutanen gidan? Ya Malam Issaka?"

"Yana gaishe ku."

"Muna amsawa. Ku zauna."

Ba a ja zance ba. Sadiyya ta miƙo waya, ga hoton nan: Kamal ya buɗe baki yana ihu, Humu na dariya mayafi ya zame, Chundung a rungume a ƙirjinta.

"Ni dai ba don komai na nuna ba, Umma," in ji Sadiyya cikin sanyin murya. "Da kunnena na ji ta ce 'yarta ce. Na ga bai kamata a rufe ku ba."

Martina ta gyara zama. "Hajiya, ku dubi yarinyar nan, ku dube ni."

Hajiya ta duba. Ba sai an yi dogon bincike ba, goshin ɗaya, wushiryar ɗaya, har yadda suke karkata kai. Chundung ma, da ta ga idanu sun yi mata yawa, ta haye cinyar uwarta ta cusa fuska a wuyanta.

"Kwana na yi ina naƙudarta, kuma Humu ce ta riƙe mini hannu," in ji Martina. "Aronta suke yi. Ba a barin babba ya hau jirgin yara sai da yaro, shi ne suke cewa tasu ce."

"Aro?" Hajiya ta juya wajen ɗanta. "Kamalu, aron 'ya'yan mutane kake yi?"

"Umma, ƙa'idar wajen ce..."

"Ƙato da kai, da gemunka, don ka hau tsutsa?"

Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da share ƙwalla da gefen mayafi, tana cewa Allah ya jiƙan Dakta, da yana raye da ya ga abin da karatun boko ya haifar. Kamal ya sosa ƙeya yana murmushi. Sadiyya ta yi tsuru-tsuru, ta ɗauki farantin da ba kowa ya gama da shi ba ta yi kicin, ta kuma tsaya a bakin ƙofa don kunne ba ya son asara.

"Humu, matso nan," in ji Hajiya.

Ta matsa. Hajiya ta kamo hannunta, karo na farko tun da suka san juna. Tafin hannun da ɗumi, da laushi, irin na mahaifiyarta.

"Ki yafe mini, 'yata. Na zarge ki a kan abin da ba ki ji ba ba ki gani ba. Na so wata, Allah ya so ki, kuma na ga yaron nan tun da ya same ki ya zama mutum. Gobe zan kira baffanninsa a Kano." Ta ɗan matse hannun. "Sai dai don zuciyata ta kwanta gaba ɗaya, in kuma toshe bakin masu magana, faɗa mini da bakinki. Ba ki taɓa haihuwa ba, ko?"

Ga shi nan. An buɗe mata ƙofa har bango, saura ta ɗaga ƙafa.

Ta dubi Kamal. Ya gyaɗa mata kai kaɗan, idanunsa na roƙo.

Ta buɗe baki. Kalmar da ta yi ta koyo tun daga Laurel tana nan a kan harshenta. Sai kawai ta ji wata 'yar murya, ta cikin wayar nan mai ƙara da yankewa, yadda take jin ta a shekarun baya.

Mma, yaushe za ki zo ki ɗauke ni?

Ba ta je ba. Ba ta riƙe ta tana zazzaɓi ba, ba ta yi mata wanka ba, ba ta san ko a wane gefe kabarin yake ba. Abu ɗaya ya rage da take iya yi wa yarinyar nan a duniya, shi ne ta yarda an taɓa yin ta.

"Na taɓa, Hajiya."

Carbin ya tsaya.

"Na yi aure a Kumasi, mijina ya rasu. Na haifi 'ya mace. Ta rasu tana shekara huɗu, ina nan ƙasar." Hawaye suka ɓalle mata, ba ta share ba. "Sunanta Haleema."

Sunan ya fito da nauyi, baƙo a bakinta. Ta sake faɗa, don ta ji shi da kyau.

"Haleema."

Martina ta rufe baki da hannu. Hajiya ba ta saki hannun Humu ba, amma ta juya a hankali ta dubi ɗanta.

"Kamalu, ce mini ka yi budurwa ce. Ka san da wannan?"

Humu ma ta dube shi. Ba ta jin tsoro a lokacin, wallahi ba ta ji. Ta san mutumin da ya cire tabarau ya yi kuka a ƙarƙashin bishiya. Zai sha faɗa, za a yi fushi, wataƙila a kore su duka biyu, amma tare za a kore su.

Kamal ya sunkuyar da kai. Ya murza gefen darduma da yatsa.

"Umma... ni ma yanzu nake ji."

Daga bakin kicin aka ce, "Kun gani ko!"

Humu ba ta ji Sadiyya ba. Ba ta ji komai ba. Ta zare hannunta a hankali daga na Hajiya, ta durƙusa yadda ta yi da shigowa.

"Ku huta lafiya, Hajiya."

Ta fita da ƙafafunta, ba ta yi tuntuɓe ba, ta sa takalmi daidai. A bakin mota ta tsaya tana jiran Martina ta buɗe, kuma, don zuciya ba ta da kunya, tana sauraron ko za ta ji takunsa a bayanta. Ƙofar gidan ba ta sake buɗuwa ba.

Kawu Issaka bai ce na gaya miki ba. Ya dube ta kawai, ya shiga shago ya haɗo mata shayi mai citta, ya ce ta sha. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Kiran Kamal ya fara shigowa tun washegari. Ba ta ɗauka ba. Ya zo bakin wajen aikinta, ta fita ta ƙofar baya. Tana yi wa tsofaffinta wanka, tana ba su abinci a baki, tana dariyar labaran da suka ba ta jiya da shekaranjiya, in ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kukanta. Ta rame har wuyan rigar aiki ya yi mata yawa. Abin haushin shi ne son bai ragu ba. Ta yi zaton zai mutu a falon nan, sai ga shi kullum da safe shi yake riga ta tashi.

Ganye ya fara ja yana zuba, sanyi ya kawo kai, filin wasa ya sanar da makon rufewa. Chundung ta dame su da naci, suka kai ta. Martina ce ta shiga layin tsutsa da ita, Humu ta zauna a benci ta dunƙule cikin rigar sanyi.

"Humu."

Ba ta buƙaci juyawa ba. Ya zagayo ya tsaya a gabanta, shi ma ya zube, gemu ba gyara.

"In zauna?"

"Bencin ba nawa ba ne."

Ya zauna a can ƙarshe. Ihun yara na tashi daga jirgin.

"Na gaya wa Umma gaskiya," ya ce. "Na ce na sani tun farko, ni na ce ki ɓoye."

"Yaushe?"

"Bayan sati biyu."

"Sati biyu..."

"Ta daina yi mini magana. Ko abincin da na sayo ba ta ci. Daga baya ta kira ni ta ce..." Muryarsa ta karye. "Humu, ashe kafin ni ta binne 'ya'ya biyu. Ban taɓa sani ba. Ta ce tun da kika faɗi sunan nan ba ta ƙara barcin kirki ba. Ta ce bazawara ba abin kunya ba ce, abin kunya shi ne ɗan da ta haifa. Ta sallami Sadiyya. Ta ce in zo in durƙusa miki, kada in koma gida sai da ke."

Ya sauko daga bencin ya durƙusa a kan siminti, mutane na wucewa suna kallo.

"Ki yafe mini, rabin raina. Tsoro ne. Minti ɗaya ne shaiɗan ya..."

"Tashi, Kamal. Kada ka ɗora wa shaiɗan."

"Ba zan tashi ba sai kin yafe."

"Na yafe maka. Tun a mota na yafe."

Fuskarsa ta washe. Ganin haka ya fi komai yi mata ciwo, don ta san abin da za ta faɗa.

"Ka san ranar nan da niyyar ƙarya na zo? Tun daga Laurel nake koyon a'a, tambayi Martina. Saboda kai na yarda in binne 'yata karo na biyu. Bakina ne ya ƙi." Ta ƙara dunƙulewa cikin rigar sanyi. "Da ka ce na sani, Umma, ko da tsintsiya aka kore ni, wallahi da na jira ka har furfura."

"To yanzu ai na faɗa!"

"Ka faɗa da ba na wajen. Da ina wajen, ina kallonka, cewa ka yi yanzu kake ji."

"Humu, komai ya warware fa. Umma ta yarda, Kano sun yarda. Ba abin da ya rage!"

"Saura ni." Ta dube shi sosai, ta ƙoshi da fuskar. "In na aure ka, Allah ya ba mu 'ya, duk ranar da ka ɗauke ta sai na tambayi kaina. Ranar da za ta zame maka abin kunya a gaban mutane, me za ka ce? Ba zan iya zaman aure da wannan tambayar ba, Kamal. Za ta cinye ni, ta cinye ka."

"Ba kya sona ke nan."

"Ina ma!" Hawayen suka zo, ta mayar da su da ƙarfi. "Ina ma ba na sonka, da na huta."

Ya daɗe a durƙushe. Da ya ga ba za ta ƙara komai ba, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Me zan ce wa Umma?"

"Ka ce ina gaishe ta, na kuma gode. Ka ce ta sa Haleema a addu'a. Ta aiko mini da sunayen nata biyun ta hannun Kawu, ni ma zan riƙa sa su."

"Ni fa?"

"Allah ya ba ka wadda ba sai ka ɓoye komai nata ba."

Ya juya ya kama hanyar fita, yana tafiya a hankali tsakanin kekunan jarirai da masu sayar da gugguru. Humu ta zauna ƙyam, ta ɗaga kai, ta riƙe fuskarta, don ta san zai waiwayo.

Ya waiwayo kuwa. Ya ƙara waiwayowa a wajen lilon dawakai.

Ta jira sai da ya daina waiwaye, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.